Injin na juyawa amma mota ta ƙi tashi: yadda wayarka za ta taimake ka gano matsalar

Tsofaffin motocin gudu irin su Nissan 350Z da Mazda RX-8 suna jan hankalin matasa saboda ƙira da ƙarfi, kuma farashinsu ya sauko sosai idan aka kwatanta da lokacin da suke sababbi. Sai dai motar da ta kai shekara 15 ko 20 ba ta rasa ranar gardama. Ka murɗa makulli, ka ji injin na juyawa, amma ta ƙi tashi. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi: a canza filogi, a canza famfon mai, a canza batir, duk bisa hasashe, motar tana nan jiya i yau.

Injin fetur na buƙatar abu huɗu kafin ya tashi: mai, tartsatsin wuta, matsin iska a cikin silinda, da umarnin kwamfutar mota a daidai lokacinsa. Idan ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace. Aikinka shi ne ka gano wanne ne kafin ka sayi komai. Za mu ɗauki 350Z, wadda aka ƙera tsakanin 2002 da 2009, a matsayin misali, amma matakan sun shafi yawancin motocin zamaninta.

Na'urar da kake buƙata

Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata mahaɗa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. A Turai dokar ta shafi motocin fetur daga 2001. Galibi mahaɗar tana ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. A nan ake soka ƙaramar na'urar ELM327, ita kuma ta aika bayanan injin zuwa wayarka.

Masu Android za su iya amfani da manhajar Torque ko Car Scanner ta Bluetooth. Masu iPhone su lura wajen saye: na'urar mai tsohon Bluetooth ba ta aiki da wayarsu, sai mai Wi-Fi ko Bluetooth LE. Soka na'urar, murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, sannan ka haɗa da waya.

Mataki na 1: Batir

Juyawar injin ba hujja ba ce cewa batir lafiyarsa ƙalau. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe. Manhajar tana nuna wannan adadi, amma awo da multimita a kan batirin ya fi inganci. Lokacin da kake yi wa motar ki, bai kamata ya faɗi ƙasa da volt 10 sosai ba. Idan ya faɗi, kik zai shanye wutar, kwamfuta da kwayil su rasa abin da zai ishe su. Duba kawunan batir ko sun yi farin gari ko sun saki, da wayar da ta haɗa batir da jikin mota.

Mataki na 2: Fitilar tsaro

350Z tana da tsarin hana sata mai suna NATS. Akwai ɗan guntun cif a cikin makullin, kuma idan mota ba ta gane shi ba, za ta bar injin ya juya amma ta hana shi tashi. Alamarsa ita ce jar fitilar tsaro ta tsaya a kunne bayan ka murɗa makulli, maimakon ta mutu. A waya za ka ga lamba tsakanin P1610 da P1615.

Gwada makulli na biyu idan kana da shi, kuma ka cire shi daga cikin tarin wasu makullai. P1610 na nufin tsarin ya kulle kansa saboda yawan gwaji da makullin da bai sani ba. Ana buɗe shi ta hanyar murɗa makulli na asali har fitilu su kama, a jira daƙiƙa 5, a kashe, a yi haka sau uku, sannan a tayar.

Mataki na 3: Kalli saurin juyawar injin

Wannan shi ne gwajin da waya ta fi amfani a kansa. Buɗe shafin da ke nuna RPM, wato yawan juyin injin a minti ɗaya, sannan ka yi ki. Ya kamata ka ga adadi kamar 150 zuwa 250. Idan kunnenka na jin injin na juyawa amma waya na nuna 0, to kwamfutar ba ta san yana juyawa ba, don haka ba za ta saki mai ko wuta ba.

Abin zargi na farko shi ne sansar karanshaf, wadda ke ƙirga juyin babbar sandar injin. Lambarta P0335. Sansar kamshaf guda biyu kuma lambobinsu P0340 da P0345. Waɗannan sansa sun yi ƙaurin suna a injin VQ35DE na 350Z, har kamfanin Nissan ya kira motoci a 2003 don canza su. Sau da yawa sukan fara da ƙin tashi idan injin ya yi zafi, sai ya huce ya tashi kamar ba abin da ya faru. Kafin ka sayi sabuwa, a duba soket da wayarta, domin zafin shekaru yana busar da roba har ta tsage.

Ka kuma leƙa zafin ruwan injin. Motar da ta kwana a kashe ya kamata ta nuna zafi kusa da na gari. Idan ka ga -40, wayar sansar ta katse ko sansar ta mutu, kuma lissafin man da kwamfuta ke saki zai iya rikicewa.

Mataki na 4: Mai

Kashe rediyo da fanka, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen tanki. Za ka ji ɗan gunjin famfon mai na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan shiru ne, fara da fiyus da rilen famfon, waɗanda a 350Z suke cikin akwati kusa da batir. Fiyus ɗin da bai kai kuɗin katin waya ba yana iya sa a zargi famfo mai tsada.

Jin gunjin bai isa shaida ba, domin famfon da ya gaji yana iya yin ƙara ba tare da ya tura mai da ƙarfi ba. 350Z na buƙatar matsi kusan psi 51, kuma bakanike ne zai auna da agogon awon matsi. Idan motar ta yi watanni a ajiye, ka zargi man da kansa: fetur yana lalacewa idan ya daɗe, kuma ruwa na iya taruwa a gindin tanki.

Wani lokaci kuma yawan mai ne matsalar. RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012 da injin rotari, ta shahara da wannan: idan aka tayar da ita da sanyi aka kashe nan take, mai kan jiƙa filogi. Alamarsa warin ɗanyen fetur. Taka totur har ƙasa, ka riƙe, ka yi ki na daƙiƙa 10. Hakan na sa kwamfuta ta yanke mai har injin ya bushe. Sannan ka saki totur ka sake gwadawa.

Mataki na 5: Wuta da matsi

350Z na da kwayil shida, kowace silinda da nata. Idan ɗaya ya mutu mota za ta tashi, sai dai ta riƙa rawa. Da wuya shida su mutu rana ɗaya. Saboda haka idan babu tartsatsi ko kaɗan, a nemi abin da ya haɗa su: fiyus, rile, wayar ƙasa ko sansar da muka ambata. Wanda ya ce ka sayi kwayil shida, ka tambaye shi gwajin da ya yi.

Saurari kuma sautin juyawar. Idan injin na gudu da sauri fiye da yadda ka saba, sumul babu tirjiya, alama ce ta rashin matsi. Dakata nan take. A motoci masu bel ɗin taimin irin Honda Prelude mai injin H22, tsinkewar bel na sa fistin ya bugi bawul, kuma ci gaba da ki na iya ƙara ɓarna. 350Z sarƙa take amfani da ita, wadda ba ta cika tsinkewa ba, amma awon matsi ne kawai zai tabbatar.

Abin da za ka kiyaye

Kada ka wuce daƙiƙa 10 kana ki. Ka bar kik ya huce kafin ka sake. Kada ka yarda a zuba fetur a bakin iskar injin, domin wuta na iya dawowa ta kama fuska ko motar. Kada ka goge lambobin matsala kafin ka ɗauki hoton allon wayarka, su ne shaidarka a gareji. Idan ka gama, zare ELM327, domin tana shan batir ko da mota na kashe.

Ka tuna lamba tana nuna ɓangaren da matsala take ne, ba lallai ta nuna kayan da ya mutu ba. P0335 na iya zama sansa, tana iya zama wayar da ɓera ya ci. Amma idan ka isa wajen mai wayarin da hoton allo, ka ce masa batir na nuna 12.5, famfo na gunji, fitilar tsaro na mutuwa, RPM kuma 0 ne, ka rage masa aikin yini guda, kai kuma ka tsare aljihunka daga sayen kayan da lafiyarsu ƙalau.