Ina Labarin Tsofaffin Gidajen Silima Na Kano?

Dattawan Gagarawa da Gumel ba su manta da zamanin majigi ba, lokacin da motar gwamnati kan zo dandali bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a hotunan noma da tsabta kyauta. Amma mai son ganin silima ta sosai, sai ya hau jirgin ƙasan Nguru daga tashar Gagarawa ya nufi Kano.

Gidan silima na farko da aka gina musamman domin wannan sana'a a Kano shi ne Rex, wanda 'yan kasuwa Kwarori suka buɗe a 1937. Daga baya aka sami irin su Plaza da Orion da Eldorado da Wapa, inda finafinan Indiya suka sami karɓuwa ƙwarai.

Tarihin nan yana da ɗaci. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1952, aka buɗe Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi. Jama'a da yawa ba su yi na'am da ita ba, har aka riƙa jifan masu shiga. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta, ya mai da ginin asibiti.

Me ya durƙusar da sauran? Bidiyo ya shiga gidaje, 'yan kallo suka ragu, filayen tsakiyar gari kuwa suka yi tsada. Yau in ka ce Wapa, kasuwar canjin kuɗi yaro zai nuna maka.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin adanawa? Ai ko wanda bai taɓa yarda da silima ba ya san nan ne bahaushe da bayarabe da inyamuri suka zauna benci ɗaya. Kano ta adana Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Legas an gyara babban gidan wasa na Iganmu. Labarin Palace kuma ya nuna ana iya sauya wa gini aiki ba tare da an rushe shi ba.

Mu ma a ƙasar Gumel muna da namu: tsofaffin tashoshin jirgi da ɗakunan taro. Mu ɗauki hotonsu, mu rubuta abin da dattawa suka sani tun suna raye. Ginin da aka rushe ba ya dawowa.