Ƙara wa Injin Babur Ƙarfi: Ribarsa da Farashinsa a Ƙasar Kangire

Gabatarwa

Kangire gari ne na manoma a ƙasar Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991. A wannan yanki, har zuwa ƙasar Gwaram, babur ya gaji yawancin aikin da jaki ke yi a da. Shi ke kai taki gona, shi ke fito da buhun gero da na riɗi zuwa kasuwa irin ta Sara, shi ne kuma ke garzayawa da majinyaci asibitin Birnin Kudu da tsakar dare. Hanyoyin ƙauye kuwa yashi ne da rani, taɓo da damina. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai babur ya je wurin bakanike ya ce a ƙara wa injinsa ƙarfi. Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda ake yin wannan aiki, da kuma nuna cewa duk ƙarfin da aka ƙara, akwai inda ake biyan kuɗinsa.

Inda Ƙarfin Inji Yake

Yawancin baburan da ake hawa a yau suna da inji mai bugu huɗu, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala ƙerawa a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur cikin silinda, ya hau ya matse su, fulogi ya kunna musu wuta su tura shi ƙasa, sa'an nan ya sāke hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Ƙarfin inji ya dogara ne a kan yawan iska da man da yake iya ƙonawa a kowane zagaye. Girman wurin da fistin ke sharewa a cikin silinda shi ake aunawa da si-si, watau abin da ake nufi in an ce babur 100 ne ko 125 ko 150.

Dalilin da ya sa musanyar kaya take yiwuwa yana cikin tarihi. A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, babur ɗin da aka tsara musamman domin ƙasashen da injuna ke shan wahala ba tare da samun kulawa sosai ba. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka kwaikwayi wannan inji, suka yi ta ƙera shi da girma dabam-dabam a ƙarƙashin sunaye masu yawa. Da yake tushensu ɗaya, kayan wani sukan hau kan wani. Amma Boxer, na kamfanin Bajaj na Indiya, zuriyarsa dabam ce, kuma kayan waɗancan ba nasa ba ne.

Yadda Ake Musanyar

Babbar hanya ita ce cire silinda da fistin a sa waɗanda suka fi su faɗi. Alal misali, faɗin fistin na CG125 milimita 56.5 ne, tafiyarsa daga sama zuwa ƙasa milimita 49.5, wanda ya ba da si-si 124. In aka sa fistin mai faɗin milimita 62, tafiyar kuma ba ta sauya ba, sai a sami si-si 149. Ƙarin milimita biyar da rabi ke nan ya haifar da ƙarin kashi 20 cikin ɗari.

Sai dai silinda ba ta aiki ita kaɗai. Fetur yakan ƙone sosai ne in an gauraya awo ɗaya nasa da kimanin awo 15 na iska, ta fuskar nauyi. Kafireta ce ke yin wannan haɗi. In an faɗaɗa silinda aka bar kafireta yadda take ba a daidaita ta ba, haɗin yakan kauce: mai ya yi ƙaranci inji ya riƙa zafi fiye da kima, ko ya yi yawa fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Wasu kuma sukan huda salansa, su ɗauka ƙara ita ce ƙarfi, alhali sau da yawa abin da aka samu hayaniya ce kawai.

Farashin Ƙarfi

Hausawa sun ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Farashi na farko zafi ne. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, kuma babur mai ɗauke da buhu biyu cikin yashi a watan Afrilu tafiyar hawainiya yake yi, iskar da ke bugunsa kaɗan ce. Babbar silinda ta fi ƙona mai, ta fi fitar da zafi; baƙin mai ya tsinke, daga nan sai inji ya buga.

Na biyu, bugun babban fistin yana sauka ne a kan karanshaf da kuloci da sarƙa, waɗanda aka ƙera daidai da ƙaramin inji, don haka sukan gaji da wuri. Na uku shi ne fetur, wanda tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023 ya zama babban abin lissafi ga ɗan acaɓa da manomi.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne birki. In gudu ya ninka biyu, tazarar da babur ke buƙata kafin ya tsaya takan ninka huɗu. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar tsohon birki da suɗaɗɗiyar taya, ya hau babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa Birnin Kudu, inda manyan motoci ke zirga-zirga, ya jefa ransa da na wanda ya goya cikin haɗari.

Ƙarfin Ja da Gudu

Wajibi ne a bambanta abu biyu da kalmar ƙarfi ta haɗe: ƙarfin jan kaya da saurin gudu. Abin da manomin Kangire ke bukata shi ne na farko, kuma ana samunsa ba tare da an buɗe inji ba. Sarƙa tana tafiya ne a kan faifai biyu masu haƙora, ƙarami a gaba, babba a baya. In na gaba yana da haƙora 14, na baya 42, sai ƙaramin ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka sa na baya mai haƙora 45, ƙarfin ja zai ƙaru da kimanin kashi 7 cikin ɗari, iyakar gudu kuma ta ragu da kusan haka. A hanyar yashi wannan ciniki ne mai riba.

Kammalawa

Inji tsari ne da aka auna sassansa daidai da juna. Musanyar kaya tana ƙara ƙarfi haƙiƙa, in bakanike ya san aikinsa, ya daidaita kafireta, ya sa kaya masu nagarta, ya kuma gyara birki a rana guda. Amma kafin a kai nan, ya kamata mai babur ya duba abubuwan da ke sace ƙarfin da yake da shi: matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, tsohon fulogi, sakin sarƙa, da baƙin mai da ya wuce lokacinsa. Sau da yawa ƙarfin da ake nema a kasuwa yana nan cikin injin, rashin kulawa ne ya danne shi.