Babi na Bakwai: Tsallen Ƙanƙara a Busasshiyar Ƙasa Ake Koyonsa

Masu kallon gasar zamiyar ƙanƙara a talabijin sukan ce ai santsi ne ke yi wa ɗan wasa aiki, shi dai nasa tsayuwa. Wannan magana tana ba ni haushi matuƙa. Santsi bai taɓa ɗaga kowa sama ba. Wanda zai tashi ya juya sau huɗu a iska cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ya kuma dira da baya-da-baya a kan ƙarfen da kaurinsa kusan milimita 4 ne, a ɗakin atisaye ya tara wannan ƙarfi, da takalmin gudu a ƙafarsa.

A wurina, dira ita ce uwar wasan. Idon 'yan kallo yana kan tashi, amma alƙalai da likitoci saukar suke jira. Nauyin da ke faɗa wa ƙafar ya ninka na jiki sau da yawa, kuma kullum ƙafa ɗaya ce ke ɗauka, ga yawancin 'yan wasa ta dama. Ga takalmin da tauri, ya ɗaure idon sawu tamau, sai bugun ya haura gwiwa da ƙugu. Shi ya sa koci zai sa yaro ya diro daga kan akwati da ƙafa guda, ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙa ɗaya ƙafar baya, ya tsaya cak. In ya yi tangaɗi, a sake. Sai tsallen igiya, da tsuguno da ƙafa ɗaya, da ƙarfafa tsokar ciki da ta baya don kada gangar jiki ta karkace a iska. Ana kuma horar da ƙafar hagu da gangan, don kada ɓangare guda ya rinjayi ɗan'uwansa.

Dubi Yuzuru Hanyu na Japan. A Nuwamban 2017, yana atisaye a Osaka, ya faɗi wajen gwada tsalle mai juyi huɗu, jijiyar idon sawunsa na dama ta samu rauni. Saura wata uku gasar Olamfik ta Pyeongchang. Ya shafe kusan wata biyu bai taka ƙanƙara ba. Yana Toronto yana jinya, yana motsa abin da zai motsu a jikinsa, yana maimaita tsallensa a zuci dalla-dalla. A Fabrairun 2018 ya ɗauki zinare, karo na biyu a jere, abin da rabon wani namiji da yin sa tun Dick Button a 1952. Da a ƙanƙara kaɗai ƙwarewar take zaune, ai da ta narke cikin wata biyun nan.

Batun juyi kuwa sananne ne: a janyo hannuwa jikin ƙirji, gudu ya ƙaru. Ana koyonsa a kan ɗan faifan da ake takawa a daɓe, mutum ya yi ta juyawa kamar katantanwa. Wai an haifi 'yan wasan ba sa jin jiri? Sam! Duk yaron da ya yi hajijiya ya san jiri. Su ma suna ji, ƙwaƙwalwa ce ke sabawa da yawan maimaici.

Rawar bale ma ba ado ba ce. Jackson Haines, Ba'amurke mai rawa, shi ya shigo da ita wasan a shekarun 1860, har mutanen Biyana suka rungume shi. A birnin nan ne kuma Axel Paulsen ɗan Norwe ya nuna tsallensa a 1882, mai juyi ɗaya da rabi. Sai bayan shekara 140, a Satumban 2022, Ilia Malinin ya kai shi juyi huɗu da rabi a gasa, ya dira da ƙafar dama bai faɗi ba.