Rumfa Namu Ne, Ko Iyaka Ta Bi Ta Ina

A ƙasar Hangari, can tsakiyar Turai, ba sai yaro ya shiga aji zai san sarakunansa na dauri ba. Takardar kuɗi ta forint 1000 tana ɗauke da fuskar Sarki Matiyas, wanda ya yi mulki daga 1458 zuwa 1490. Ta 10,000 kuwa fuskar Istifan na Farko ce, wanda aka naɗa wajajen shekara ta 1000, kuma har gobe ranar 20 ga Agusta hutu ce don tunawa da shi. Abin lura shi ne garin da aka haifi Matiyas, Kuluj, yau yana cikin Romaniya, domin yarjejeniyar 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Amma 'yan Hangari ba su ce tunda mahaifarsa ta koma ƙetaren iyaka sun bar wa maƙwabta shi ba.

Mu nan Yamai abin ya sha bamban. Ka zauna a wata fada a Banifandu da la'asar, ana jiran shayi na biyu ya nuna, ka ambaci Muhammadu Rumfa. Amsar da za ta fara zuwa ita ce, "Ai wannan na Najeriya ne." Wannan amsa tana ci mini rai, don iyakar da ake nufi Turawan Faransa da Ingila ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1906, Rumfa kuwa ya riga ta da shekara ɗari huɗu.

Ya hau gadon Kano a 1463, shekara biyar bayan Matiyas, ya yi mulki har 1499. Littafin tarihin Kano ya lissafa masa abubuwa goma sha biyu da ya fara. Shi ya gina Gidan Rumfa da sarki ke zaune a ciki har yanzu, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa aka fara busa wa sarki kakaki, aka riƙa yi masa fifita da figini na gashin jimina. Shi ne kuma ya fara kulle a gidan sarauta, ya ba bābanni muƙamai, ya yi shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da Katsina ba wanda ya kā da wani. Ba duk abin da ya bari ne abin yabo ba, amma ba a fahimtar sarautar Hausa, har ta Maraɗi da Tibiri, in an tsallake shi.

Babban baƙonsa kuwa ta ƙasarmu ya biyo. Shehu Muhammadu al-Magili ya baro Tuwat, ya sauka Azbin, ya karantar a Takedda, sannan ya isa Kano wajajen 1492, inda ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Daga baya ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493. A wancan zamanin ne ma Imam Suyuɗi ya aiko wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. A idon malamin Alƙahira, duniya ɗaya ce garuruwan biyu suke ciki.

Tun kafin Rumfa haka abin yake. A zamanin Sarkin Kano Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da salla da karatu. Sarki Kanajeji ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. A zamanin Yakubu, mahaifin Rumfa, littafin ya ce Azbinawa sun zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa ganin kantun gishirin Bilma an ɗaure shi a tabarmar kaba, an ɗora wa raƙumi, ya ga abin da ya ciyar da kasuwannin Kano da Katsina. Dukiyar da ta gina waɗancan ganuwowi, da zufar ayarinmu a cikinta.

Bayan Rumfa, sai Kanta na Kabi, wanda ya bi Askiya yaƙin Agadas a 1515, suka ɓata a kan rabon ganima, ya ƙi biyayya, ya tsaya a birninsa na Surame. Daga wancan zamani ne aka gaji hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka sake ginawa a 1844, mai tsayin mita 27.

Wani zai ce su Hangari sun fi mu takardu. Gaskiya ne, amma su ma sun yi asara: ɗakin karatun da Matiyas ya tara a Buda ya watse bayan Turkawa sun ci su a Mohac a 1526, kuma littattafan da suka tsira kaɗan suka haura 200. Namu littafin tarihin Kano sai ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi da Larabci, shekarun da ke ciki kuma lissafi ne daga tsawon mulkin kowane sarki, saboda haka na farko-farko, kamar 999 da ake ba Bagauda, sarki na farko a jerin, sai a riƙe su da sassauci. Daga Yaji zuwa gaba ƙasa ta fi tauri, don akwai littattafan Tumbutu da na Agadas da za a gwada da su.

Kayan aikin ma a Yamai suke. Cibiyar CELHTO tana tara tarihin baka tun 1968, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marigayi Boubou Hama ya aza harsashin tara su, Farfesa Djibo Hamani kuma ya rubuta tarihin Adar da na sarautar Azbin. Sai dai yawancin abin da aka wallafa da Faransanci yake, yana kan kanta.

Ina roƙon malaman tarihi da gidajen rediyonmu su fito da wannan tarihi da Hausa da Zabarmanci, sarki ɗaya kowane mako, da shekarunsa da aikinsa da laifinsa. A fara da Rumfa da Askiya da Kanta.