Bakteriyar da ke buɗe takin da ƙasa ta kulle

Harafin P da ke jikin buhun NPK yana nufin fosfaras, sinadarin da ke sa shuka ta yi saiwa mai ƙarfi ta kuma cika ƙwaya. Manomi yana biyan kuɗinsa cif, amma abin da shuka ke iya zuƙa a damina guda galibi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran yana nan a gonar, a kulle. A ƙasa mai tsami yakan manne wa ƙarfe da alminiyam, a wata ƙasar kuma ya haɗe da kalsiyam, ya koma abin da ba ya narkewa a ruwa. Ita kuwa saiwa narkakken abu kaɗai take sha.

Akwai bakteriyar da ke zaune a jikin saiwa wadda ke iya buɗe wannan kulli, musamman dangin Bacillus da Pseudomonas. Tana cin sukarin da saiwa ke fitarwa, ita kuma ta fitar da asid mai rauni da ke raba fosfaras da abin da ya riƙe shi. Wasu nau'o'in suna fitar da sinadaran da ke sakin fosfaras ɗin da ke cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi.

Dabarar ta daɗe. Tun a shekarun 1950 Tarayyar Sobiyet ta rarraba wa gonaki takin da aka yi da Bacillus megaterium, sai dai sakamakon bai zo iri ɗaya a ko'ina ba. Wadda ta sake ɗaga zancen ita ce Barazil, ƙasar da ke shigo da fiye da kashi 80 cikin 100 na takinta daga waje, kuma jar ƙasar yankinta na Serado ta shahara wajen kulle fosfaras. A 2019 hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, tare da kamfanin Bioma, suka fitar da BiomaPhos, wani ruwa mai ɗauke da Bacillus subtilis da Bacillus megaterium. Ana cuɗanya shi da irin masara ko waken suya, ko a fesa a ramin shuka.

Wannan ya shafi manoman Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar kai tsaye, domin ƙarancin fosfaras na cikin manyan abubuwan da ke rage amfanin gona a yankin, ga kuma tsadar taki tun bayan tashin farashinsa a 2022. Akwai dutsen fosfat a Sakkwato da Tawa, amma yana jinkirin narkewa idan aka niƙa aka watsa shi haka nan. Shi ya sa masu bincike ke gwada haɗa shi da irin wannan bakteriya. Harhaɗa taki mai rai a gida ma ba baƙon abu ba ne: cibiyar IITA da ke Ibadan tana yin NoduMax domin waken suya, ko da yake shi aikinsa samar da naitirojin ne.

Abin lura shi ne bakteriyar ba ta ƙirƙirar fosfaras, wanda ke ƙasa kawai take saki. Gonar da aka daɗe ana nomawa ba taki ba ta da ajiyar da za a buɗe. Sannan abu ne mai rai: kwalbar da ta wuni a rana a kasuwa tana iya isa gona babu sauran mai motsi a ciki, kuma ido ba zai gane ba. Nau'in da ya yi kyau a Barazil ma dole a gwada shi a rairayin Katsina ko Maraɗi, inda zai yi gogayya da ƙwayoyin da ya tarar.

Duk manomin da aka tallata wa irin wannan kaya, ya duba lambar rajista da ranar lalacewa, ya ajiye shi a inuwa, ya gwada a 'yan kunyoyi kusa da waɗanda bai sa wa ba, ya auna bambancin da kaka.