Wuyan jita mai sheƙi ko mara sheƙi: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mai sayen jita yakan fara da kallon launi, ya kaɗa tsirkiya ya ji amo, sai a shiga ciniki. Ba kasafai yake juya ta ya shafa bayan wuyanta ba, alhali a nan babban yatsansa da tafin hannunsa za su riƙa kai da komo muddin yana kiɗa. Irin fentin da aka rufe wannan katako da shi yana iya sa hannu ya sulale cikin sauƙi, yana kuma iya riƙe shi daidai lokacin da ake buƙatar sauri.

Mene ne bambancin?

Galibi fenti iri ɗaya ne, mai garai-garai, wanda ake ganin katako ta cikinsa. Idan ana son sheƙi, sai a fesa shi hawa-hawa, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai laushi, sannan a kai shi injin gogewa har fuska ta riƙa fitowa a jikinsa. Wanda ba shi da sheƙi kuwa, wato wanda masu sayarwa ke kira satin, ana zuba wa fentinsa wani gari mai laushin gaske, yawanci na silika. Idan ya bushe sai ya bar ƙananan tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke warwatsa haske, shi ya sa ba ya ƙyalli.

Me ya sa mai sheƙi ke kama hannu?

A ido, mai sheƙi shi ya fi kama da abin da zai yi santsi. A hannu ba haka ba ne. Da yake fuskarsa sumul take, fata tana kwanciya a kanta gaba ɗaya, kuma da zarar gumi ya ɗan tsattsafo sai su manne. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mota mai rufin leda da tsakar ranar bazara ya san yadda ake yi kafin a ɓamɓare jiki. A kan satin kuwa, fata tana taɓa kan tuddan nan ne kawai, saboda haka inda za ta manne ɗan kaɗan ne.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga makaɗin da ke tsalle daga gindin wuya zuwa can sama cikin ƙiftawar ido. Hannu ya ɗan tsaya, sauti ya makara, kuma mai sauraro zai ji ko da bai san dalili ba. Masu ƙera goge irin na Turawa sun daɗe da gane haka: suna fente jikinsa duka, amma bayan wuya, inda hannu ke bi, sukan bar shi ba fenti mai kauri.

Duk da haka, akwai masu son riƙon da sheƙi ke bayarwa. Wanda hannunsa ba ya yawan gumi, ko wanda ke tsayawa wuri ɗaya yana danna tsirkiyoyi da yawa a tare, yakan ji daɗin yadda babban yatsa ke samun matokara. Ba laifi a zaɓinsa.

Naitiro da foli

Bayan maganar sheƙi, akwai ta sinadarin kansa. A shekarun 1950, lokacin da masana'antar jita ta Fender ta fito da jitar Stratocaster a 1954, ita da takwararta Gibson suna amfani da fentin naitiroselulos, wanda masana'antar motoci ta Amurka ta yaɗa tun shekarun 1920. Siriri ne, yana tsufa, yana ƙoƙewa inda hannu ke bi, kuma masu son tsofaffin jitoci suna ƙaunarsa saboda haka. Matsalarsa ita ce yakan yi danƙo idan sabo ne, ko idan zafi da laima sun haɗu. Wajen ƙarshen shekarun 1960 Fender ta koma ga fentin foli, mai tauri da jure wahala. Gibson ta riƙe naitiro har yau.

A kula da wannan: naitiro ba ya shiri da wasu nau'o'in roba da ake naɗa wa abin jingina jita, haka kuma man korar sauro mai sinadarin DEET yana narkar da shi. Wanda ke kiɗan dare a fili, ya wanke hannu bayan ya shafa man kafin ya ɗauki jita.

Satin ma ba ya dawwama

Hannu ma injin gogewa ne. Da yawan kiɗa, tuddan nan suna lafawa, sai ka ga wuyan da aka saya ba sheƙi ya soma ƙyalli a wuraren da aka fi riƙewa. Idan kuma ya sami ƙarzuwa, gyaransa ya fi wuya, domin duk inda aka goge sai ya yi haske ya bambanta da sauran.

Ta fuskar kuɗi, satin ya fi sauƙin yi tunda an tsallake aikin gogewa mai cin lokaci. Shi ya sa Gibson ta sa shi a kan Les Paul Tribute mai rangwamen farashi, Martin kuma a kan jerin jitocinta na 15. Amma kada a ɗauka alamar araha ce kawai. Fender tana sayar da jitoci masu tsada waɗanda jikinsu ke sheƙi, bayan wuyansu kuwa satin ne da gangan.

Wuya mai mai kawai

Akwai hanya ta uku. Kamfanin Ernie Ball Music Man ya shahara da shafa wa wuya mai irin na ƙotar bindiga haɗe da kakin zuma, sai hannu ya ji kamar katako tsura yake taɓawa. Makaɗin jita Eddie Van Halen ya kasance cikin waɗanda suka fi son wuya irin wannan. Daɗinsa a hannu ba a magana, amma yana ɗaukar datti, yana son a riƙa sabunta man, kuma kariyarsa ga katako ba ta kai ta fenti ba.

A nan ne yanayinmu ya shigo. Makaɗan bukukuwa a Agadez da masu kiɗan majami'u a Jos ko Kaduna suna aiki ne a yankin da hunturu ke busar da katako ƙayau, damina kuma ta zo ta shayar da shi laima. Katakon wuya irin na mapul da aka kankare fentinsa tas yana iya lanƙwashewa a irin wannan sauyi, kuma wuyan da ya murɗe gyaransa ba wasa ba ne. Ina roƙon matasa kada su ga bidiyo a intanet su kama kankare jitarsu har ƙasa.

Idan jitarka tana kama hannu

Fara da abu mai sauƙi: wanke hannu kafin kiɗa, goge wuyan da busasshen tsumma bayan an gama. Sau da yawa dattin gumi ne ya taru, ba laifin fenti ba. Wasu kan shafa hoda, kamar yadda aka san makaɗin jita Jeff Beck da yi, sai dai tana taruwa a tsirkiyoyi.

Idan hakan bai isa ba, ana iya kashe sheƙin da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ko soson Scotch-Brite mai ruwan toka, a bi tsawon wuyan a hankali, a tsaya da zarar ƙyallin ya dushe. Soson wanke tukunya ba ya wannan aikin. Kafin a fara, a rufe na'urorin ɗaukar sauti da salatif, domin maganaɗisunsu yana jawo burbushin ƙarfe. A kuma sani cewa jita mai tsada ko tsohuwa darajarta na iya raguwa a kasuwa idan an taɓa fentinta.

To, wanne za a saya?

Ban yarda amon jitar lantarki yana sauyawa yadda kunne zai kama saboda sheƙin bayan wuya ba, don haka kada mai shago ya ruɗe ka da wannan. Ga mai gumin hannu da ke kiɗa cikin zafi, satin ya fi. Kafin ka biya, nemi izini ka zauna da jitar ka yi ta kaɗawa har tafinka ya ɗumama ya soma damshi, domin a minti biyun farko kowane wuya daɗi gare shi.