Tagogin Iska Masu Sarrafa Kansu: Wa Suke Yi Wa Amfani, Wa Kuma Zai Saya?

A shekarun baya wasu ƙananan kamfanoni a Amurka sun shiga kasuwa da wata na'ura wadda suka ce za ta ba maigida damar tsayar da yawan zafi ko sanyin kowane ɗaki na gidansa dabam, ta kuma rage masa kuɗin wuta. Na'urar, watau tagar iska mai buɗe kanta da rufe kanta, ta fara bayyana cikin jerin kayayyakin da ake tallata wa masu shigo da kayan lantarki. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya san matsalar da aka ƙera ta domin warwarewa, kafin ya zuba jarinsa a kanta.

Matsalar dai ta samo asali ne daga yadda ake gina gidaje a Amurka. A can, akasarin gidaje inji guda ɗaya ne ke ɗumama su lokacin hunturu, ya kuma sanyaya su lokacin zafi. Ana ajiye injin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko cikin rufi, wata babbar fanka ta riƙa tura iskar cikin bututu zuwa kowane ɗaki, inda take fitowa ta wata 'yar taga da ke daɓe ko bango ko silin. Ma'aunin zafi guda ɗaya ne ke ba injin umurnin tashi ko tsayawa, kuma galibi a baranda ko falo ake kafa shi. Da zarar wurin da ma'aunin yake ya yi daidai, sai injin ya tsaya, ko da kuwa wanda ke ɗakin saman bene yana gumi, na ƙasa kuma ya lulluɓa da bargo. Haka nan ɗakin baƙi da ba kowa cikinsa yana samun rabonsa na iska kamar ɗakin da ake kwana.

Ba ƙaramin kuɗi ake magana a kai ba. Bisa ga binciken da hukumar tattara bayanan makamashi ta gwamnatin Amurka ta yi a 2020, kusan kashi 90 cikin ɗari na gidajen ƙasar suna amfani da na'urar sanyaya iska, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na gidajen irin wancan babban inji mai bututu suke da shi. Ɗumama gida da sanyaya shi suna cin kimanin rabin dukan makamashin da gidajen ke amfani da shi.

Yadda tagar ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana cire tsohuwar tagar ƙarfe a sa sabuwar a gurbinta, ba tare da fasa bango ba. A cikinta akwai 'yan faifai kamar na tagar luba, da ɗan ƙaramin inji mai aiki da batir wanda ke juya su. Wani ma'auni da aka ajiye a ɗakin yana aika labarin zafin wurin ba tare da waya ba, maigida kuma ya zaɓi abin da yake so ta wayarsa ta hannu. Idan ɗaki ya kai yadda ake so, tagarsa ta rufe, iskar ta wuce zuwa ɗakunan da ke bukata.

Kasuwar ta buɗe ne bayan nasarar da kamfanin Nest ya samu da ma'aunin zafinsa mai haɗuwa da intanet, wanda ya fito a 2011. Da kamfanin Google ya sayi Nest a 2014 kan dala miliyan 3,200, sai masu jari suka shiga neman abin da zai biyo baya. A 2015 kamfanin Keen Home ya gabatar da tagarsa a shirin talabijin na Shark Tank, inda masu sabuwar sana'a ke neman jari a bainar jama'a. Kamfanonin Ecovent da Flair su ma sun fito da nasu a tsakanin waɗannan shekaru.

Sai dai injiniyoyin wannan fanni ba su karɓi abin da hannu biyu ba, kuma dalilinsu yana da ƙarfi. An auna fankar injin da faɗin bututun ne domin wani adadi na iska ya wuce cikin kowane minti. Rufe taga ba ya gaya wa injin ya rage aiki. Abin da yake yi kawai shi ne ƙara matsin iska cikin bututu, kamar yadda ruwa ke yi idan aka danne bakin tiyo da yatsa. Abin da zai biyo baya ya danganta ga irin fankar. Idan tsohon samfuri ce mai gudu iri ɗaya, iskar da ke wucewa sai ta ragu. A lokacin sanyaya gida, ƙarancin iska na iya sa ƙanƙara ta daskare a jikin ƙarafan da ke sanyaya iskar, har ta kai ga lalata kwamfaresa, wadda ita ce mafi tsada a jikin injin. A lokacin ɗumamawa kuwa murhun ne ke yin zafi fiye da kima, ya riƙa kashe kansa yana tashi. Idan kuma fankar ta zamani ce mai ƙara wa kanta gudu, za ta dage ta tura iskar ko ta halin ƙaƙa, amma ta sha wuta fiye da yadda ta saba.

Bugu da ƙari, bututun da kansu suna yoyo. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a matsakaicin gida kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu tana salwanta ta ɓuloli da mahaɗan da ba a liƙe da kyau ba. Duk lokacin da matsi ya ƙaru, yoyon ma ƙaruwa yake yi, kuma iskar da aka biya kuɗin sanyayawa sai ta ƙare cikin rufi. Wani bincike da aka yi a cibiyar Lawrence Berkeley ta jihar Kalifoniya a 2003 ya gano cewa rufe tagogin wasu ɗakuna yakan ƙara yawan makamashin da gida ke ci maimakon ya rage, musamman inda bututun ke yoyo. Gaskiya ne cewa tagogin da ake rufewa da hannu aka gwada a wancan lokaci, amma iska ba ta san ko hannu ne ya rufe mata hanya ko batir ba.

Kamfanonin sun san da wannan suka, shi ya sa suka sa wa tagoginsu ma'aunin matsi domin su sake buɗewa idan abin ya yi yawa, wasu kuma suka ƙayyade yawan tagogin da za a iya rufewa lokaci guda. Wannan ya rage haɗarin lalata inji. Amma fa ya rage ribar da ake alkawari, domin tagar da ba ta da ikon rufewa yadda take so ba za ta tsimi abin kirki ba.

A nan ne lissafi ya shigo. Farashin taga ɗaya yakan kama daga kimanin dala 80 zuwa sama da 100, ban da ma'aunan ɗaki. Gida mai tagogi 10 zai kashe wajen dala 1,000. Matsakaicin iyali a Amurka na biyan kusan dala 2,000 a shekara kan makamashi, kimanin rabinsa a kan zafi da sanyi. A ɗauka, alal misali, tagogin sun rage kashi 10 cikin ɗari na wannan rabin, to dala 100 ke nan a shekara, watau sai an yi shekara 10 kafin uwar kuɗi ta dawo, ga sayen batir a tsakani. Wanda ya saya domin ɗakin jaririnsa ya daina yin sanyi da dare ya sami abin da ya biya. Wanda ya saya da niyyar tsimi kuwa, da ya fara kiran ma'aikaci ya liƙe masa bututu da ya fi cin riba. Masu hali a can sun daɗe da wata hanya, ta kafa ƙofofi a cikin bututun kansu tare da raba gida shiyya-shiyya, sai dai ta fi tsada ƙwarai kuma tana bukatar ƙwararre.

Dangane da Nijeriya, abu na farko shi ne ba a ɗumama gida da inji, ko a Jos lokacin hunturu. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, na'urorin sanyaya ɗaki da suka cika kasuwannin Alaba da Kano, watau ta taga da mai rabi ciki rabi waje da ake kira sifilit, kowace ɗakinta guda take yi wa aiki. Abin da Ba'amurke ke biyan dala 1,000 domin ya samu, mai sifilit yana da shi tun ran da ya saya: idan ya fita ɗaki ya kashe. Hasali ma wannan samfuri, wanda kamfanonin Japan suka yaɗa, shi ne ke ƙara samun karɓuwa a Amurka wajen masu neman sarrafa kowane ɗaki dabam. Tagar iska ba ta da inda za a maƙala ta a gidan da ba bututu.

Inda ake samun bututu a ƙasar nan shi ne manyan otal-otal da bankuna da ofisoshi da 'yan tsirarun gidajen alfarma a Legas da Abuja da Fatakwal. Ko a nan ma akwai shinge. An ƙera tagogin ne bisa awon gidajen Amurka, kamar inci 4 da 10 ko inci 6 da 12, alhali manyan gine-gine suna da nasu awon da nasu hanyoyin raba iska. Akasarinsu kuma sun dogara ga intanet da kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su, saboda haka idan ƙaramin kamfani ya durƙushe, mai kaya na iya wayar gari da taga wadda ba ta jin umurni, ba kuma wurin neman kayan gyara.

Bukatar da ke bayan na'urar dai, watau kada a sanyaya ɗakin da ba kowa, ta fi tsanani a nan fiye da can. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa Naira 225, fiye da ninki uku na abin da suke biya a da. Sifilit mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan fiye da yunit ɗaya a awa idan tana aiki ba tsayawa. A wancan farashi, awa takwas sun kai wajen Naira 2,000 a ɗaki ɗaya. Otal da ya bar na'urori 20 suna aiki bayan baƙi sun fita zai yi asarar kimanin Naira 40,000 a yini, idan kuwa janareto ke ɗauke da su asarar ta wuce haka.

Kayan da ke toshe wannan kafa sun fi tagar iska araha, kuma ma'aikatan lantarki na gida sun iya kafa su: makunnin da ke aiki da katin ƙofa, ma'aunin da ke gane ko akwai mutum a ɗaki, agogon da ke kashe na'ura bayan an tashi aiki, da sifilit mai rage wa kanta gudu idan ɗaki ya yi sanyi. Wanda kuma aka kawo wa odar tagogin domin gini mai bututu, ya kamata ya nemi injiniya ya auna matsin iskar ginin, ya duba irin fankar da awon tagogin da ke wurin, kafin a buɗe takardar banki.